Ruwan Kwawu da Ruwan Akwapim

Shekarar da ambaliya ta ci bangon ɗakinmu a unguwar Nima, Baba ya ce ya gaji da zama a bakin kwata, kan dutse za mu koma. Mahauci ne, kuma yana da abokai a zango biyu, ɗaya a ƙasar Kwawu, ɗaya a Akwapim, duka a kan dutse. Dukansu sun aiko da wasiƙa suna cewa ya zo. Ni kaɗai ke karanta Turanci a gidan, ina aji biyu a makarantar midil, don haka aka kira ni zaure in karanta.

Na durƙusa a bakin ƙofa na karanta. Baffa, yayan Baba, shi ke yanke magana a gidanmu. Ya ce Kwawu ta fi. Masallacinsu na bulo ne, mahauci ɗaya ne a garin kuma ya tsufa, ga sanyi da ke hana nama saurin lalacewa. Akwapim kuwa, in ji shi, coci ce ko'ina, kuma ta yi kusa da birni, kowane baƙo zai sauka a kanmu. Suka yi ta aunawa har la'asar, babu wanda ya ambaci ruwa.

Mma, mahaifiyata, tana da ciwon gwiwa. Ko famfon unguwa, da yake a fili, sai ta huta sau biyu kafin ta iso gida da garwa.

Ni mai kunya ce, ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma ranar Asabar na ɗauki littafina na tafi tasha, na bi matan da ke sauko da kaya daga duwatsun biyu. Tambaya ɗaya nake yi musu: ina 'yan zango ke ɗebo ruwa? Wata mai sayar da kontomire, ganyen gwaza, daga Kwawu ta yi dariya ta nuna mini ƙaurinta.

"'Yata, kin ga wannan? Dutse ne ya gina shi. Rafin yana can ƙasa, da rani kuma sai kin bi shi."

Matan Akwapim uku suka ce akwai rijiya bayan zangon. Na rubuta kowace amsa, da garin mai maganar.

Da Baffa ya kira ni in rubuta wa abokin Baba na Kwawu cewa muna tafe, na buɗe littafin na karanta musu abin da na samo. Ban tsallake layi ko ɗaya ba.

"Wa ya aike ki?" in ji Baffa.

"Ba kowa, Baffa."

"To malama, mun ji. Ɗauki alƙalami."

"Ba zan rubuta ba."

Ya juya wajen Baba. "Ka ga abin sukuru, makarantar bokon nan? Ka biya kuɗi an koya mata musu."

Na ce, idona a ƙasa, duk wasiƙar da suke so zan rubuta, ban da wadda za ta sa Mma hawan dutse da garwa a ka. Baffa ya tashi ya tafi wajen akawun bakin gidan waya, aka rubuta masa. Kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata. Ban fasa durƙusawa in gaishe shi ba, ban kuma ba da haƙuri ba.

Baba ya tafi Kwawu shi kaɗai, ya kama ɗaki kafin mu biyo. Ba mace tare da shi, don haka ruwan alwala da na wanke wuƙaƙe shi ke ɗebo wa kansa. Bayan mako uku ya dawo yana dafa ƙugu. Mma ta tambaye shi yaya garin, ya ce sanyi lafiya lau. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba:

"Kawo takarda. Ki tambayi na Akwapim ko akwai ɗaki kusa da rijiyar nan."