Masu Wanke Wata

Sana'ata gyaran fitilun mota. Ban da waya, ban da ƙwan fitila, wannan na masu lantarki ne. Ni nawa fuskar fitila ce, robar nan da rana ke dafawa har ta yi ja kamar haƙorin mai cin goro, direba ya kunna da dare ya rasa bambancinta da aci-balbal. Ina da benci da bokiti a gindin wani mangwaro a Sabon Tasha, kuma a nan ƙarfina ya ƙare. Kafaɗata ta dama yanzu sai na lallaɓa ta take ɗaguwa, yatsuna kuwa ruwa da samfefa, takardar nan ta gurza, sun cinye su. Na gaji, ba na ɓoye wa kowa.

Amma ba gajiyar hannu ce ta fi damuna a bara ba. Kawu Bulus ne, ƙanin mahaifiyata, mai tsohuwar bas da ke jigila tsakanin Kakau da Sabon Tasha. Watanni ya yi yana kawo mini fitilunsa in goge, wai ba ya ganin hanya da magariba. Ni kuwa na san fitilun nan lafiyarsu lau, kuma na san mutane yake ɗauka a motar, ba buhunan masara ba. Duk ranar da ya tafi sai wata tatsuniyar kakata ta dawo mini, ta hana ni sakat.

A Narayi muka tashi, lokacin da in ka tsaya a ƙofar gidanmu dawa kake gani iya ganinka, babu waɗannan katangu da ƙofofin ƙarfe. Kakata ta wajen uwa, Kaka Saraya, ba ta yarda a kashe wuta bayan an sauke tuwo. Sai ta sa a tura totuwar masara a murhu, a binne gyaɗa a cikin toka, mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Idanunta sun riga sun yi fari a lokacin. Mu dai mun ɗauka haka idon tsofaffi yake. Duk da haka muciyarta ba ta taɓa kuskure kan ɓarawon gyaɗa ba, kuma in ka yi gyangyaɗi, kai ma ka samu rabonka.

Mahaifiyata, Hannatu, kullum tana zaune dab da ita, inda in Kaka ta miƙa hannu zai sauka a kafaɗarta. Ban taɓa ganin ta zauna a wani wuri ba. Ita ke kai ta bayan gida, ita ke kai ta coci, ita ke cire mata ƙaya a kifi. In an yi biki a unguwa sauran mata su tafi, Mama na gida. Ban taɓa tambayar dalili ba, don yaro abin da ya tarar shi ne duniya.

Kawu Bulus a lokacin saurayi ne, yaron mota, sai ran Lahadi muke ganinsa. Kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Yau gilashin fitila, gobe tocila, jibi batir. Ya durƙusa ya ce, "Mama, wancan gilashin ya sha hayaƙi, shi ya sa kike ganin duhu. Ga sabo." Kaka ta karɓa, ta shafa, ta sa masa albarka, mahaifiyata kuma ta kai ƙarƙashin gado ta haɗa da 'yan'uwansa.

A irin wannan Lahadin ne, Kawu na zaune a kan turmi yana ɓare gyaɗa, Kaka ta gyara murya ta buɗe tatsuniya da abin da ta saba buɗewa da shi.

"Ku matsa mata, ta iso, ko takalmi babu."

Muka amsa, "A shimfiɗa mata tabarma."

Wai an yi wata tsohuwa a wani gari, mai 'ya'ya maza ƙarfafa, masu ji da ita. Wata rana ta fito tsakar gida ta ɗaga kai ta ce, "Kai, wata ya yi dauɗa. Da can ina tsintar allura a haskensa, yanzu ko akuya ba na gani." 'Ya'yan suka dubi wata, ga shi nan fari tas. Suka dubi juna. Babban ya ce, "Gaskiya ne, Inna, ya yi dauɗa. Bari mu wanke miki shi." Suka ɗauki soso da toka da tulun ruwa, suka hau kuka har ƙoli, suka yi ta gurzar reshe, ruwan toka na zubo wa tsohuwa a ka. Suka sauko suna haki. Tsohuwa ta ɗaga kai ta ce, "To, ya ɗan yi dama-dama. Allah ya yi muku albarka." Kowa ya kwanta da farin ciki.

A nan Kaka ke kwaikwayon hakinsu, tana gurzar iska da muciya, mu kuwa har faɗuwa muke don dariya. Kawu ma ya yi dariya, har ya fi mu.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, tsohuwa ta sake cewa ya yi dauɗa, 'ya'ya suka sake hawa kuka. Haka aka yi ta yi har garin ya san su da masu wanke wata, ana yabonsu, ana cewa kowa ya haifi irinsu ya huta. Ran nan, bayan an gama wanki, tsohuwa ta ce tunda an gyara mata haske bari ta kai jikanta wajen uwarsa a ƙetaren rafi. Ta goya jariri, ta kama hanya. Ba ta yi nisa ba ta taka bakin kududdufi, suka afka. Allah ya sa ruwa bai kai wuya ba, aka tsamo su, jariri na tari, tsohuwa na zagin wata. 'Ya'ya suka ruga neman soso.

Sai autarta, wata yarinya da ba a saka ta a shawara, ta tsaya a gabanta ta ce, "Inna, wata lafiyarsa lau. Idonki ne."

Kaka ta ce tsohuwa ta wanka mata mari. Ta zage ta, ta ce ba ta haife ta ba. Da ta gaji da zagi sai ta miƙa hannu tana lalube, ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce, "To kai ni ɗaki." Daga ran nan hannun bai sauka ba. 'Yan mata su tafi dandali, tana gida. A tafi kasuwa, tana gida. Har tsohuwa ta koma ga Mahaliccinta.

Kaka ta tsaya nan, ta hau tonon gyaɗa a toka. Ni kuwa ina jira, don na san yadda tatsuniya take ƙarewa: mai gaskiya a ba ta shanu, ko ɗan sarki ya aure ta.

Na ce, "Kaka, to me aka ba yarinyar?"

Ta ce, "Me za a ba ta? An ba ta tsohuwa."

"Su kuma masu wankin fa?"

"Su ai sun wanke hannu sun ci tuwo. Ta ƙare a nan. Mai son saura ya bi ta da gudu, ni ƙafata ciwo take."

Mama ta yi wata 'yar gajeriyar dariya ta hanci, ta tashi ta kama hannun Kaka. Kawu ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga wandonsa ya ce, "Mama ke nan," ya tafi neman mota. Lahadin da ta biyo baya ya zo da tocila. Ni dai haushi na kwana da shi, na ce wannan tatsuniyar ba ta da daɗi, an cuci yarinya.

Kaka ta rasu, Mama ma ta bi ta ba da daɗewa ba, ba ta ko tsufa sosai ba. Kawu ne ya riƙe ni, shi ya kai ni koyon sana'a, shi ya tsaya mini a aurena. Shi ya sa da ya fara kawo fitilunsa ban ce uffan ba. Karon farko da gaske sun dushe. Na wanke, na liƙe gefe da tef don kada in ci fenti, na bi su da samfefa mai kaushi ina zuba ruwa har jan nan ya gama zuba, na koma mai laushi, na sa man gogewa, na fesa maganin da ke kare su daga rana. Suka fito kamar yau aka kwance su daga kwali. Irin wannan aikin yakan kai shekara, ko fiye. Kawu bai yi wata biyu ba ya dawo.

Na sake gogewa. Ya sake dawowa, na sake. Alhali na fi kowa sanin cewa kowace guga cin robar take, ba a yi ta har abada. Kuma na sha gaya wa direbobi cewa in hazon daga ciki yake, ko ka gurza waje har hannunka ya yi jini, a banza. Wannan maganar ina faɗa wa baƙo ba ko ɗar, amma na kasa faɗa wa ƙanin uwata. Na ce wa kaina kunya ce, girmamawa ce. Ƙarya nake. Lissafin gidana nake yi: yara na makaranta, ɗaki biyu, ga kafaɗa na ciwo. In Kawu ya ajiye mota, ba shi da ɗa namiji a kusa, matarsa ta rasu. Na san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, da la'asar ya iso, madubin gefe a karye yana reto. Ya sauko a hankali, yana laluben ƙasa da ƙafa.

Ya ce, "Ishaku, aikin nan naka ba ya ƙarko. Jiya da magariba a kwanar Kakau saura ƙiris in taka wata yarinya mai tallar gyaɗa. Farantinta ne ya karya madubin. Ban gan ta ba sam, sai ihu na ji."

Na ce, "Ta ji ciwo?"

"Ta ƙuje a gwiwa. Allah ya tsare. Ka ƙara gurzawa da kyau, ka daina yi mini aikin ganin ido."

Na ɗauki bokiti. Wallahi na ɗauka, na jiƙa samfefa, na durƙusa gaban fitilar da nake ganin fuskata a cikinta. Ruwa na bin hannuna yana ɗiga a ƙasa, sai na ga kaina a ƙolin kuka. Na ajiye. Na ce masa ya zauna a benci mu jira duhu ya fara, mu gwada tukuna.

Da aka yi kiran magariba na juya motar ta fuskanci bangon shagon Malam Sani mai faci, maƙwabcina, na kunna. Bango ya yi fari fat, har tsagar siminti ana gani. Malam Sani da ke alwala a bakin shago ya kare fuska da hannu ya ce, "Haba Ishaku, makantar da ni za ka yi?"

Kawu ya leƙa, ya ƙanƙance ido, ya girgiza kai ya ce, "Ka gani ko? Har yanzu da saura."

Na ce, "Kawu, wata lafiyarsa lau."

Ban ƙarasa ba, ba sai na ƙarasa ba. Ya juyo ya dube ni, ko in ce ya dubi wajen da nake tsaye.

Ya ce, "Ni za ka yi wa tatsuniya? Ni da na riga ka jin ta? Yaron da na share wa majina?"

Ya faɗi maganganu, wasu ba zan maimaita ba. Na sunkuyar da kai na bar shi ya juye. Malam Sani ya ɗauki butarsa ya shige, kamar bai ji ba. Can Kawu ya koma benci ya zauna, yana juya makullin mota a hannu.

Ya ce, "Ka dai tuna abin da aka ba yarinyar?"

Na ce, "Na tuna."

Sannan ya ce, a hankali, "Hannatu ta sha wahala. Ni gilashi na yi ta saye." Ya miƙo makullin, bai daidaici hannuna ba, na tara na karɓa.

Yanzu yana gidana, a ɗakin da yara maza suke. An duba shi a asibitin ido, sun ce ɗaya za a iya yi masa aiki, ɗayan sai abin da Allah ya yi. Ni ke kai shi, ni ke zaman layi, in dawo in tarar masu mota sun gaji da jira sun tafi. Wani lokaci da safe yakan yi mini faɗa a kan shayi, in fita waje in yi tsaki in dawo.

Ina yaro na ɗauka Kaka na koya mana faɗin gaskiya ne, har na ji haushi da ba a biya yarinyar ba. Sai yanzu na gane ba mu take yi wa tatsuniyar ba ma. 'Yarta take yi wa godiya a gaban ɗanta, ta hanyar da ta iya. Na kuma daina ganin laifin masu wanke wata kamar da. Ba mugaye ba ne, suna son uwarsu. Sun dai san cewa wanki yana ƙarewa kafin a kwanta, jagora kuwa ba ya ƙarewa.

A daren da ya ba ni makullin nan, da muka rufe motar za mu nemi keke, Kawu ya miƙa hannu yana lalube, ya dafa kafaɗata. Ta daman ya kama, mai ciwon. Na buɗe baki zan ce ya koma ɗayar, sai na tuna ban taɓa jin Mama ta zaɓa ba. Na ce, "Taka a hankali, Kawu, akwai kwata a gabanka."