Malama Safiyyatu, Mai Duba Kunnen Shanu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 7 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Safiyyatu Halliru a gidanta da ke Illela, bayan jinyar mako uku. Shekarunta sittin da takwas. Talatin da biyar daga ciki ta yi su ne da alli a hannu tana koyarwa a firamare, kuma ina cikin waɗanda suka koyi karatu a gabanta. An yi mata sutura bayan sallar azahar.

Malama, jana'izarki ta tara mutane, har da waɗanda ban yi zaton gani ba. A sahun gaba na ƙirga mutum huɗu da suka shekara shida ba sa amsa gaisuwarki. Ɗayansu, wani dillalin shanu, ya yi kuka har yana share ido da hannun babbar riga, yana kuma ɗan waiwaye don ya tabbatar an gani. Washegari ya aiko da buhun shinkafa gidan makoki. Ba zan ambaci sunansa ba, domin babu kotun da ta kama shi da laifi, kuma ke kika koya mini kada in rubuta abin da ba zan iya karewa ba. Illela ta san shi, wannan ya isa.

Duk wanda ya tashi yin magana a zaman makoki sai ya ce ke mace ce mai haƙuri da kawaici. Na saurare su ina mamakin wace mata suke nufi. Kawaici su suka yi shi, a lokacin da kawaicin ya zama rufa wa mai laifi asiri. Babu kuma wanda ya ambaci littafinki, babu wanda ya ambaci Hadijatu. Waɗannan biyun zan ambata.

Hadijatu Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Lafani. Kuna 'yan shekara bakwai ta fara rako mahaifiyarta tallar nono gidan mahaifinki, Malam Halliru mai makarantar allo. Ranar farko kika yi tuntuɓe da ƙwaryarta, nono ya zube, kika tsaya gaban uwar kika ce ke kika yi, aka zane ki a gidanku. Daga ranar ba ku rabu ba. Ke kina kiran ta Bahillata, ita tana kiran ki Kaɗo, kuma kun shekara sittin kuna gardamar wa ya girmi wani ba ku daidaita ba. Ita ba ta iya karatu ba, ke ba ki iya tatsa ba, kowacce na yi wa 'yar'uwarta gori da abin da ta rasa.

Shekara shida da suka wuce, 'yan bindiga suka kai hari wani ƙauye suka kashe mutane. Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, wasu mutanen gari suka tare hanyar Lafani suka kashe Dikko, mijin Hadijatu, da ɗansu Ja'e, suna dawowa daga kasuwa. Ba a taɓa jin sunansu cikin wata ɓarna ba. Laifinsu shi ne kamanninsu da harshensu. Daga nan aka wuce rugar aka cinna mata wuta, aka kora shanu arba'in da ɗoriya. Hadijatu ta tsira ne domin a lokacin tana tsakar gidanki kuna tsince wake. Ba ta sake kwana a wani gida ba sai naki.

Ni ma ina da nawa kason a cikin abin kunyar. Ni na aika wa jaridarmu labarin, na rubuta cewa wasu fusatattun matasa ne suka yi. Kika sa aka kira ni, kika ajiye jaridar a gabana kamar yadda kike ajiye littafin ɗalibin da ya kwafi amsa.

"Jabiru, mi an nan?" kika ce. "Hushi na kora shanu har mahauta? Ni dai na san mai hushi da zage-zage, ban san shi da neman ciniki ba."



Abin da kika yi bayan nan shi ne ya zama littafin. Kowane gidan Fulani yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen shanunsa, kuma ta gidan Dikko tsaga biyu ce a bakin kunnen dama. Kin san yawancin shanun an loda su a mota an yi kudu da su, amma tsofaffi da ramammu ba sa jure tafiya, a gari za a yanka su. Sai kika fara zuwa wajen mahauta kina sayen kan saniya. Ki kawo gida, Hadijatu ta duba kunne, sannan a babbake a ɗora tukunya. Mako shida unguwarku na shan romon kai safe da yamma, har maƙwabta suka fara cewa fansho ya karɓi Malama. A cikin kawuna tara, uku na Dikko ne. Ɗaya ma Hadijatu ta kira ta da sunanta, ta ƙi cin abinci ranar.

Da magana ta kai kunnen masu abin cewa akwai wata tsohuwar malama mai duba kunnen shanu, sai suka yi dabara irin tasu. Suka sa a riƙa yanke kunnuwan kafin a fito da kai kasuwa. Wannan ita ce iyakar basirarsu. A da sai wanda ya san tsagar Dikko zai gane. Yanzu duk matar da ta zo cefane sai ta tsaya ta tambayi dalilin da ya sa kai ba kunne. Mahauci kuwa ba zai ɗauki laifin wani ba, sai ya ce haka aka ba shi, ya kuma faɗi wanda ya ba shi. Duk kawunan daga shingen dillali ɗaya suke fitowa.

Kin kai maganar inda ya kamata a kai. Aka ba ki kujera, aka saurare ki da ladabi, aka ce kan saniya ba ya ba da shaida. Wani ma ya ba ki shawara ki rungumi tasbaha, shekarunki sun kai. Kika dawo gida kika sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta guda bakwai, kika cika su cikin wata biyar.

Sunan littafin Kai Ba Kunne. Labarin tsofaffi biyu ne, Inno da Tabawa, ɗaya ba ta ji sosai, ɗaya ba ta gani daga nesa, don haka dole su tafi tare: wannan ta gani ta faɗa, waccan ta ji ta maimaita da ƙarfi a inda bai kamata ba. Suna yawo a kan amalanken jaki suna neman wata tsohuwar saniya da ta ɓata, suna faɗa a kan wa ya fi wani haƙora, kuma mai karatu yana ta dariya har shafi na sittin kafin ya farga cewa gawa biyu ake bi. Littafin ba ya rasa aibi. Babi na huɗu ya yi tsawo, kuma maɗaba'ar da ta buga shi a Sakkwato ta cinye ƙugiyar haruffa a wurare da dama. Amma ban san wani littafin bincike da ya yi abin da ya yi ba: tun farko kowa a garin ya san wanda ya yi kisan, abin da tsofaffin ke bincike shi ne yadda gari guda ya makance rana ɗaya.

Ba ki sa sunan kowa ba. Mai laifin a littafin Alhaji Wane kawai kika kira shi. Duk da haka, cikin mako biyu da fitowarsa mutum uku suka yi sallama a zaurenki, kowanne da ƙorafin cewa da shi kike. Na ukun ya tarar da na biyun bai tafi ba. Kika leƙo daga bayan labule kika ce, "Ni mutum guda na rubuta. Ku tahi ku shirya tsakaninku, wanda yac ci shi dawo." Babu wanda ya dawo.

Sai aka koma wa littafin. Aka ce yana tayar da fitina, wai abin da ya wuce a bar shi ya wuce. Masu faɗin haka ba su taɓa kiran kisan Dikko fitina ba. Wani ya aika aka kwashe duk kwafin da ke shagunan gari, ba a sake ganin su ba. Ya makara. Mata sun riga sun fara karanta wa juna shi a cikin gidaje, wata ta naɗi muryarta a waya babi bayan babi, har Birnin Konni an ji shi. Ita Hadijatu sau uku kika karanta mata, kuma kowane karo sai ta ce kin yi mata ƙarya, ita ba kurma ba ce.

Abu ɗaya ya dame ki a jinyarki, kin kuma faɗa mini ranar da na zo duba ki: ina Hadijatu za ta kwana in kin tafi. Ba ta da ruga, ba ta da kowa a kusa. Muddin kina raye babu mai iya tunkarar ƙofarki. Kin san kuma cewa kowace safiya da ta fito siyan kayan miya, akwai waɗanda ganin ta yake hana su sakewa.

Ba su bari ƙasar kabarinki ta bushe ba. Ranar sadakar uku, dillalin nan ya zo da dattawa biyu suka keɓe da ɗanki Uzair. Suka ce don lafiyar baƙuwar suke magana, zamani ya lalace, gara ta koma cikin danginta. Uzair ɗan kasuwar albasa ne, motocin da ke ɗaukar masa kaya na ɗaya daga cikin dattawan ne. Ya sunkuyar da kai ya ce zai duba. Ba zan ɓoye wannan don ina son sa ba.

Maganar ta shiga cikin gida kafin la'asar. Washegari da safe, zaure cike da masu gaisuwa, su ukun suna ciki sun dawo jin amsa, sai ga Hadijatu ta fito da ƙullin kayanta a ka. Ba ta bi ta ƙofar baya ba. Ta tsaya a bakin zaure, ta kalli Uzair shi kaɗai.

"Uzairu, zan tahi, ka huta. Amma sa'ad da uwakka ta kwanta ciwo anka kawo min kai ruga, wata tara kana cizo na, ban ce ka koma cikin danginka ba."

Duk dattijon da ke wurin ya san haka aka yi. Sun san nono ɗaya Uzair ya sha da Ja'e, sun san abin da addini ya ce a kan hakan, wasunsu ma su suke karantar da shi. Sun dai yi fatan kowa ya manta.

Uzair ya miƙe, ya sauke ƙullin daga kanta ya riƙe. Ya ce mata, "Inna, koma ciki." Sannan ya juya ga dillalin. "Alhaji, na duba. Uwata guda ta rasu, guda tana nan. Wanda duk ka son ta tashi, ni za shi tasa."

Suka nemi takalmansu. Dillalin ya ce ai shawara ce kawai.

Na yaba wa Uzair, domin ya san abin da hakan zai jawo wa kasuwarsa. Amma Malama, na san tambayar da za ki yi da kina nan, kuma ina yin ta a madadinki ga mutanen garinmu: da ba ta shayar da shi ba fa? Sai an nuna muku nono kafin ku yarda tsohuwar da kuka mayar gwauruwa ta cancanci ɗaki?

Allah Ya jiƙan Malama Safiyyatu. Allah Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata kabarinta, Ya sa abin da ta koyar da abin da ta rubuta su tarye ta a mizani. Allah Ya jiƙan Dikko da Ja'e, Ya bi musu hakkinsu a kotun da ba a cewa babu shaida.

Ina miƙa ta'aziyya ga Uzair da ƙanwarsa Na'ima da jikoki, da zuriyar Malam Halliru baki ɗaya, da ɗalibanta na Illela da na ƙetaren iyaka. Amma kafin su duka ina miƙa ta ga Inna Hadijatu. Ita ta yi jinyar Malama, ita ta rufe mata ido, ita ta yi mata wanka, kuma kwana bakwai na zauna a gidan ban ji ɗaya daga cikin masu manyan riguna ya aika mata da ko "ya haƙuri" ba. Inna, ya haƙuri. Allah Ya ba ki dangana, Ya bar ki a ɗakinki cikin aminci har ranar da zai sada ki da ƙawarki a Aljanna.

Jabir Sahabi, Sakkwato