Kwabban Inna

Ina gyaran danga da hantsi wani dattijo daga Ajingi ya yi sallama. Shi ne abokin tafiyar yayana zuwa Makka. Da na ga akwatin Yaya ɗaure a bayan kekensa, sai na ajiye karan da ke hannuna. Ya ce zazzaɓi ne, kwana uku bayan Arfa, kuma a can aka binne shi.

Da masu ta'aziyya suka ragu, dattijon ya ja ni gefen zaure ya zaro wata igiya daga aljihu. Na gane ta. Kwabbai ne masu huji, waɗanda Inna, mahaifiyarmu, ta daɗe tana tarawa daga kuɗin kaɗi. Ita ta zura su a zaren da ta kaɗa da hannunta, ta ba Yaya ranar da zai bar Gaya. Ta ce ya raba su sadaka a ƙofar Harami, ladan ya kai wa marigayi mahaifinmu. Mu duka muna wurin, ba wanda ya yi tunanin kwabo yana da iyakar ƙasar da yake ci.

"Mai canji a Jidda dariya ya yi mana," in ji dattijon. "Wai takarda kawai yake karɓa. Na ce wa yayanka, malam, ba da riyal mana a madadinsu, ai Allah ya san niyya. Ya ce ba riyal Inna ta kaɗa ba."

Ya ce Yaya ya miƙa wa wata tsohuwa kwabo guda a bakin masallaci, ta jujjuya shi, ta leƙa ta hujin, ta mayar masa. Daga nan ya shiga neman mabuƙaci ɗan ƙasarmu, wanda zai komo gida ya kashe su. Yana cikin neman ciwo ya kwantar da shi.

Da yamma na shiga ɗakin Inna. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Auta, ya kai saƙon nan kuwa?"

Igiyar tana aljihuna, na dafe ta don kada ta yi ƙara. Na ce, "Ya kai, Inna."

Ta ce, "To, ya cika aikensa." Ta ci gaba da jan carbi.

Na yi niyyar ba wani maniyyaci su baɗi, amma wa zai karɓa a can? Na yi tunanin rabawa a masallacin Juma'a na Gaya, sai na ga ba nan ta ce ba. Ina wannan jinkiri aka daina karɓar tsohon kuɗi. Inna ta rasu bayan damina biyu, ban gyara maganata ba.

Kwabban suna cikin akwatin Yaya, a zarensu. Har yau ban kai sadakar ba.