Littafin gwaje-gwajen da suka lalace

Dakta Wasif Bilgrami ya rasu a birnin Hyderabad ranar Talata, 11 ga Fabrairu, saura kwana tara ya ba da shaida a kotu. Mu bakwai muka raka shi makabarta.

Wasif Bhai, yayana a wurin aiki, shekara goma sha huɗu muka yi gaban tanderu ɗaya a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Burinka shi ne wani siririn shafi da zai lulluɓe zaren da ake sakawa cikin tangaran na injin jirgi, kada zafi ya cinye zaren. Ka samo shi, aka ba ka takardar mallakar ƙirƙira. Sai wani kamfani ya kai ƙara, wai abin a fili yake, duk mai wannan sana'a da ya karanta tsofaffin takardu biyu zai haɗa shi. Ranar ka ajiye kofin shayinka ka ce mini, da kiran girmamawar da ka saba yi mini, "Ishrat miyan, ashe ni kaɗai ne dolo a ƙasar nan. Kowa ya sani, ni na kwashe shekara goma sha huɗu."

Ƙa'idar ɗakinmu ita ce abokin aiki ya sa hannu a kowane shafi na littafin gwaji. Kai kuwa na nasara kawai kake miƙo mini. Waɗanda suka lalace, ɗari biyu da goma sha shida, ka rubuta su da harshen Urdu a wani koren littafi da kake ɓoyewa a aljihun tebur. Na taɓa neman sa hannu a kai, ka ce, "Wa ke kiran shaida ranar da ya ji kunya?" Amma lokacin da nawa aikin ya ƙone sau uku, wannan littafin ka buɗe mini don in daina zancen ajiye aiki.

Yanzu lauyar da ke kare ƙirƙirarka ta ce shi ne hujja mafi ƙarfi cewa abin bai kasance a fili ba. Ba shi da sa hannun kowa, kuma wanda zai rantse a kansa ya tafi. Har yau kofin shayi biyu nake ɗaukowa kafin in tuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ƙanwarka Rukhsana haƙurin rashinka.

Koren littafin yana hannun magatakardan kotu. Ba a tabbatar ba tukuna ko alƙali zai karɓe shi.