Firjin da Na Hana Yaya Garba Ya Kife

A wannan watan Yaya Garba ke cika shekara arba'in da bakwai da rasuwa. Abu uku zan faɗa a kansa, bi da bi.

Na farko, sana'arsa. Gyaran firji mai kananzir yake yi a Gaya. Mutane kan yi mamakin yadda za a kunna lagwani a ƙasa, a sami ƙanƙara a sama. Shi kuwa ya ce ba tsafi ba ne, bututu biyu ne jingine da juna, ɗaya na miƙa zafi, ɗaya na karɓa.

Na biyu, laifina. Shekarar da muka ji a rediyo ɗan Adam ya taka duniyar wata, ina aiki a ɗakin shan magani a Ajingi. Firjinmu ya daina sanyi, ga maganin rigakafin ƙyanda a ciki. Yaya ya zo a keke, ya shafa bututun, ya ce mu kai maganin gindin randa, mu kife firjin kwana ɗaya, ruwan cikinsa ya koma mazauninsa.

Na ce, "Kayan gwamnati ne, Yaya. Sai takarda ta zo daga Kano."

Ya ce, "To, Malam Akawu, takardar ce za ta yi sanyin?"

Kafin ta zo maganin ya lalace. Ni na tsaya bakin ƙofa ina mayar da iyaye mata da goyonsu, kuma ƙyanda ta shigo da bazarar nan. Makanikin da aka turo, kife firjin ya yi, sanyi kuwa ya dawo. Yaya bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban buɗe baki ba, har aka kai shi makwanci.

Na uku, yau. Jikarsa Hadiza tana karatun injiniya. Ta zana mini yadda ake gina ƙaramin kumbon sararin samaniya: mai ne da ya fi ƙanƙara sanyi, yana bi ta jikin bututu mai ɗumi, ya zama iska, ya riƙa tura kumbon a hankali wata da watanni. Da Yaya na nan, tabarma zai gyara ya tambaye ta wa ke duba bututun idan ya toshe a can sama.

Kekensa ya ruɓe, firjin kananzir ya zama tarihi. Abin da ya saura shi ne hannun Hadiza, da ke shafa ƙarfe kafin ta yi magana, da kuma wannan takarda tawa, wadda ta fi ta Kano makara. Yaya, kai ne da gaskiya. Allah ya jiƙanka.