Tankin Baba Ful

Shekara talatin da ɗaya Baba Ful ya yi yana tuƙa motar wani kamfanin inshora, kuma ko sau ɗaya mai bai taɓa ƙare masa a hanya ba. Idan ka tambaye shi tarihinsa, wannan ke nan. Ya haifi 'ya'ya huɗu, ya gina gida, an taɓa yi masa aikin ƙoda, amma duk waɗannan sai an matsa masa yake tunawa. Ma'aikatan gidajen mai ne suka laƙaba masa sunan, don da ya sauke gilashi, kafin su buɗe baki zai ce, "Ful," wato a cika tanki. Ko da ɗan motsi allurar mai ta yi, sai ya ratse ya cike tanki, manaja na zaune a baya yana duba agogo yana tsaki.

A wurin tsohon direban da ya koya masa mota ya ɗauko wannan ɗabi'a. Tsohon ya ce masa tankin da ke cike ba ya tsatsa, kuma mai ba ya ruɓa kamar tumatir. A zamaninsa gaskiya ya faɗa. Baba Ful ya riƙe maganar da hannu bibbiyu, bai taɓa tambaya ko tana da wa'adi ba.

A cikin waɗannan shekaru ya kai matan manajoji kasuwa, ya kai su filin jirgi, ya buɗe musu ƙofa, ya riƙe musu lema. Matarsa kuwa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ko hannun ƙofar ba ta taɓa ba, don dokar kamfani ta hana ɗaukar iyali. Wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ya hango ta a tashar bas, da goyo a baya, shi kuma motar ba kowa. Ya kafe ido a titi ya wuce. Ashe ta gan shi, kwana biyu tana fushi. A rana ta uku ya ce, "Ki yi haƙuri. Ranar da na yi tawa, gaba za ki zauna." Abin ya tsaya masa a rai fiye da yadda ya bari ta sani.

Da ya yi ritaya kamfani ya sayar masa da ɗaya daga cikin tsofaffin motocinsa. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa Inna gani, sai dai ta ga dishi-dishi. Ta fito tsakar gida ta shafa motar daga gaba har baya, ta ce, "To, Direba, gobe kasuwa?"

Kasuwa fa? Inda masu babura ke goge fenti? A'a. Gidan ƙanwarta kuwa hanyar duk ramuka ce. Tafiyar farko, in ji shi, sai wadda ta isa a kira ta tafiya. Ya cika tanki, ya cika jarkoki biyu ya ajiye a ɗakin shirgi, ya lulluɓe motar da tamfol, ya danne gefe da duwatsu. Kullum da safe yakan yaye ya goge ƙurar da ba ta samu hanyar shiga ba. Da farko duk mako yana tayar da ita, sai ya lura kowace tayarwa tana taɓa allura, ya mayar wata-wata. Daga baya ya daina, sai batir kaɗai yake kaiwa caji, ya ce lafiyayyar mota ba ta buƙatar a riƙa tambayarta lafiya.

Mijin 'yarsa ta fari makaniki ne, mai gyaran janareto da babura, mutum mai kunyar suruki har takalmi yake cirewa tun daga bakin ƙofa. Wata rana ya daure ya durƙusa kusa da motar ya ce, "Baba, da za a yarda, da an zuƙe man nan an ƙona shi a janareto. Man yanzu ba irin na da ba ne. Ana haɗa shi da itanol, wani abu da ake tatsowa daga rake ko masara. Shi kuma janyo danshi yake yi. In ya daɗe sai ruwa ya kwanta a ƙasan tanki, kuma yana cin robar tsofaffin motoci."

Baba Ful ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, lokacin da na fara cika tanki ko rarrafe ba ka fara ba. Rake a cikin fetur? To sai mu jira tururuwa."

"Haka ne, Baba," in ji surukin, ya ɗauki takalminsa.

Daga ɗaki Inna ta ce, "Ku bar shi. Ni da motar duk ajiyarmu yake yi."

Haka aka shekara uku. Ruwa ya zo ya tafi sau uku, danshi ya shiga ƙarƙashin tamfol ya fita yadda ya ga dama. Sai likita ya ce idon Inna ya isa aiki: za a yi yau, ta kwana a asibiti, gobe da ƙarfe goma a cire bandeji. A nan Baba Ful ya ga tafiyar da yake jira. Ya zauna bakin gadonta ya ce, "Gobe abin da za ki fara gani a ƙofar asibiti, ni ne da mota."

"Allah ya kai mu," in ji ta. 'Yarsu da ke jinyarta ta sunkuyar da kai.

Da safe ya ciro farar rigar aikinsa daga akwati, ta ɗan matse shi a ciki, bai damu ba. Ya yaye tamfol, ya haɗa batir, ya zauna, ya gyara madubi. Allura na can sama inda ya bar ta, sai ya ji daɗi har ransa. Ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. A karo na biyar wani wari ya taso, ba warin fetur ba, wari mai tsami kamar na tsohon fenti. Ya leƙa ƙasa ya ga mai na ɗiga a siminti. Ya ruga ɗakin shirgi ya buɗe jarka, warin ɗaya ne.

Ƙarfe tara da rabi ya kira surukinsa. A rayuwarsa bai taɓa yin kiran da ya yi masa nauyi haka ba.

Surukin ya zo da akwatin kayan aiki, ya cire takalmi, ya buɗe bonet. Ya matsa tiyon mai da yatsa biyu, tiyon ya dare a hannunsa. Ya kwance kafireto, inda mai ke bi ya shiga inji, ciki duk wani jan ƙaro ya daskare. Sannan ya shiga ƙarƙashi ya tari mai a kwalba, ya ɗaga ta ga rana. Sama jajaja, ƙasa wani farin ruwa mai gurɓi da ɓurɓushin tsatsa, tsakaninsu layi kamar an ja da rula. Bai ce "na faɗa" ba. Da ma ya faɗa, da Baba Ful ya samu wanda zai yi wa faɗa.

"Minti nawa?" in ji Baba Ful.

"Baba, kwana uku, in an samu kayan. Sai an sauke tankin."

Waya ta yi ƙara. 'Yarsa ce: an cire bandeji, Inna na gani, suna bakin ƙofa, wai tana tambaya wace ce a cikin motocin. Ya miƙa wa surukin wayar.

Wajen sha ɗaya tasi ta tsaya a ƙofar gida. Direban, wani matashi mai cin cingam, bai ko fito ya buɗe mata ƙofa ba. Inna ta shigo sanye da baƙin tabaron asibiti, 'yarta na riƙe da hannunta. Ta dubi mijinta: farar riga ta yi dabbare-dabbare da baƙin mai, kwalba a hannu. Ta dubi motar, bonet a buɗe kamar tana hamma.

"Ashe koriya ce," ta ce. "Shekara uku ina ce wa mutane shuɗiya."

Ba wanda ya yi dariya. Ta zare hannunta daga na 'yarta, ta zagaya, ta buɗe ƙofar gaba da kanta ta shiga ta zauna. Ta shafa kujerar, ta jingina, ta daɗe a haka. Baba Ful ya matso ya tsaya a bakin taga, kansa a ƙasa, kunya ta hana shi haɗa ido da idon da aka gyara jiya.

"Kwana uku kawai," ya ce. "Za a gyara, in kai ki duk inda kike so."

"Ina zan je? Na dawo ai." Ta ɗaga tabaron ta dube shi sosai, karo na farko cikin shekaru. "Kai, Direba, ka tsufa. Ni ma haka na zama?"

Ta mayar da tabaron, ta miƙo masa hannu ya taimaka mata ta fito, ta ce wa surukin ya sa takalminsa kada ya taka mai.