Tarihin Dakta Bernard Yamusa, Mai Neman Lafiyayyar Ƙwaƙwalwa

Haihuwa

An haifi Bernard a garin Kwali cikin shekarar 1961. Mahaifinsa Yamusa manomin doya ne, mahaifiyarsa Lantana kuwa maginiyar tukwane, wadda ta shaida cewa tun yana rarrafe ba ya wuce tulu bai leƙa cikinsa ba.

Karatu da Aiki

Bayan ya kammala karatun likitanci a Zariya, ya kama aiki a wani asibiti a Abuja a 1999, shekarar da mulki ya koma hannun farar hula, a sashen da ke nazarin ƙarin ciwon daji da ake cirowa daga ƙwaƙwalwar majinyata. Kowane ƙari yakan yanki gutsure ya daskarar, ya jera bisa matakai huɗu na tsananin cutar.

Aure

A 2001 wuta ta ɗauke a asibitin, janareta ya ƙi tashi, firiji ya fara tsiyaya. Ya kwashe gutsattsarin a kular abinci ya nufi Idu, wurin wata Monica mai ɗakin sanyin kifi. Ta ce, "Oga, naman me ke ciki?" Ya ce na kan mutane ne. Da wata ce, da ta kurma ihu. Monica matsar da kifinta ta yi. Kaf littattafan soyayya babu inda aka bayyana ƙauna kamar haka! Aka ɗaura aure kafin ƙarshen damina.

Bincike

Daga 2008 ya duƙufa kan maikro-RNA, ƙananan ƙwayoyin da ke rage wa ƙwayoyin halitta ƙarfin aiki, ya ga wasunsu na ƙaruwa yayin da ƙari ke tsananta, wasu na raguwa. Sai dai mujallu sun yi ta dawo masa da aikinsa, domin babu lafiyayyar ƙwaƙwalwar da zai kwatanta da ita. Ya roƙi jama'a su yi masa alkawarin tasu bayan rai: a coci, a wurin biki, har a tashar Jabi, inda wani direba ya ce, "Dakta, shiga mota ko ka sauka, kana korar mini fasinja." Ƙarshe aka daina gayyatarsa jana'iza.

Rasuwa

Ciwon zuciya ya kwantar da shi a 2023. Wasiyyarsa ga matarsa ita ce, "Maman Prudence, ki fara kiran ɗalibaina, kuka ya biyo baya." Haka ta yi, da ƙanƙararta a hannu, suka zo suka ciri ƙwaƙwalwarsa. A 2024 binciken ya fito, sunansa a sama a matsayin marubuci, shi kansa a ciki a matsayin samfur.

An binne shi a Kwali. Ya bar matarsa Monica da 'ya'ya huɗu, waɗanda ya jera bisa matakan cutar: Prudence, mataki na ɗaya, ba ruwanta da kowa, Nicholas, na biyu, Angela, na uku, da auta Maitama, na huɗu, wanda ba a samo maganinsa ba. Ya kuma bar gutsuren ƙwaƙwalwarsa guda da bai fi ƙwayar gyaɗa ba a ɗakin sanyin Idu. Asibiti ya nemi a mayar, Monica ta ce wutar da ba ta riƙe ƙwaƙwalwar baƙi ba, ba za ta ba ta amanar mijinta ba.